Wa Ya Tumɓuke Shukar Zangon Kataf?

Duk shekara idan watan Mayu ya raba tsakiya, sai tsohuwar gardamar Zangon Kataf ta farka. A Facebook da majalisun shayi, daga Kafanchan har Tudun Wadan Kaduna, mutanen da akasarinsu ba a ma haife su ba a 1992 sukan ja daga a kan abu biyu: mutum nawa aka kashe, kuma shin Janar Zamani Lekwot ya cancanci igiyar da kotu ta yanke masa ko kuwa zaluntarsa aka yi. Kowane ɓangare da nasa lissafin, kowane da gwarzonsa da mugunsa. Amma akwai tambaya ta uku, ƙarama, wadda ba kasafai ake yin ta ba: su wane ne suka shiga gonakin da ke kewaye da garin a farkon daminar waccan shekara suka tumɓuke shukar mutane? Hannu ne ya yi wannan aiki, hannun mutum mai suna, mai gida, mai dagaci. Yau fiye da shekara 30 ke nan babu hukumar da ta fito ta ce ga shi nan. A ganina, a kan wannan ƙaramin laifi da aka ƙi bincikawa, da kashe-kashen da suka gabace shi waɗanda su ma aka bari suka bi ruwa, gwamnati ta yi asarar Zango tun kafin ranar 15 ga Mayu, ranar da aka far wa garin, ta zo.

Zango tsohon masaukin fatake ne, garin Hausawa Musulmi a tsakiyar ƙauyukan Katafawa, mutanen da ke kiran kansu Atyap, manoman doya da dawa da acca waɗanda yawancinsu Kiristoci ne a yau. Labarin kafuwarsa iri biyu ne. Katafawa suna cewa kakanninsu ne suka ba wani bafatake mai suna Mele wurin zama wajen shekarar 1750, danginsa suka biyo shi, baƙo ya yi ta faɗaɗa har ya manta da mai masauki. Hausawan garin suna cewa su ne suka fara sarar dajin, Katafawa daga baya suka zo suka kewaye su. Babu takardar da za ta raba wannan gardama, kuma duk mai duba yadda ƙauyukan Atyap suka zagaye garin ta kowace kusurwa zai yi wuya ya gamsu cewa su ne baƙin. Sai dai ko a bakin Katafawan kansu, Hausawan Zango sun haura shekara 200 a wurin kafin 1992. Wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar gari ba shi da wani gida da za a ce ya koma.

Abin da ya ɓata zaman shi ne mulki. Turawa sun ci Zariya a farkon ƙarni na 20, suka ɗora ƙasar Kataf a ƙarƙashin hakimin da Sarkin Zazzau ke turowa, da alƙalinsa da dogaransa da masu karɓar haraji. Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku, wanda ya zama Sarkin Zazzau a 1937, ya yi shekaru yana hakimcin Zango, kuma a zamaninsa ne Katafawa ke cewa aka shata wani faffaɗan fili a kewayen garin aka mayar da shi hurumi ba tare da an biya kowa ko anini ba. Wannan fili shi ne gonakin da ake rigima a kansu har gobe. A 1946 Katafawa suka yi bore, suka ƙi haraji da aikin tilas, aka kwashe jagororinsu zuwa kurkukun Zariya. A 1967 aka naɗa ɗansu na farko a hakimci, Bala Ade Dauke, da sarautar Kuyambanan Zazzau, wato ɗan gida ne amma rawanin na Zariya ne. Da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Zangon Kataf a 1989 da hedikwata a Zonkwa, ƙuri'a ta juya al'amura: masu yawa suka samu kujera, masu kasuwa da tsohon iko suka wayi gari su ne 'yan tsiraru.

A haka shugaban ƙaramar hukumar, Juri Babang Ayok, tsohon jami'in 'yan sanda, ya ba da sanarwar cewa daga ranar Alhamis 6 ga Fabrairun 1992 kasuwar mako za ta tashi daga tsakiyar gari ta koma sabon fili. Hujjar hukuma ita ce tsohuwar kasuwar ta matse, babu wurin faɗaɗawa, babu tsafta. Katafawa na da tasu hujjar da ta fi wannan zafi: rumfuna masu kyau duk na Hausawa ne, kuma ba a barin su sayar da burkutu da naman alade a kasuwar da suke gani a ƙasarsu take. Hausawa kuma suka ce sabon filin fayau yake, ba rumfa ba komai, kuma manufar ita ce a karya musu tattalin arziki. Wani attajirin garin ya garzaya kotu ya samo umarnin dakatarwa. Ranar kasuwar aka haɗu a sabon filin, cacar baki ta zama dambe, dambe ya zama kisa. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 95 suka mutu, 252 suka jikkata, gidaje 133 da gonaki 26 suka salwanta.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Mutum 95 a ƙaramin gari irin Zango ba adadi ba ne kawai. Wuri ne da mai kisa da wanda aka kashe suka san juna, sun yi ciniki a rumfa ɗaya, wataƙila gonakinsu na iyaka da juna. Da rana tsaka aka yi abin, a gaban jama'a. Idan akwai wani kisan gilla a tarihin arewa da ɗan sanda mai littafi da biro zai iya bin diddiginsa gida-gida, wannan ne. Amma watanni uku suka shuɗe ba a ga shari'ar kowa ba. Abin da gwamnan farar hula na lokacin, Alhaji Dabo Lere, wanda bai daɗe a kan kujera ba, ya yi shi ne kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, wadda daga baya ta zama babbar jojin jihar Kaduna. Kwamiti yana neman musabbabi, ba ya hukunta mai laifi. Kuma tun kafin ya yi nisa Katafawa suka ce an cika shi da Musulmi, suka janye daga zamansa. Aka bar dangin mamata na kowane ɓangare suna haɗuwa da waɗanda suke zargi a hanyar rafi da hanyar gona, ga kuma damina ta ƙarato.

Wanda bai taɓa noman doya ba zai iya ɗaukar tumɓuke shuka a matsayin ɓarna irin ta yara. Doya ba kamar dawa ba ce da za a sake watsa iri idan na farko ya lalace. Irin doya doya ce, wadda manomi ya hana bakinsa da na iyalinsa tun kakar bara, ya adana ta a inuwa yana duba ta kada ta ruɓe. Ya tada kunya da garma ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke karya ƙugu, ya binne irin, ya ɗora ciyawa a kan kowace kunya don kada rana ta dafa shi. Zuwa watan Mayu tsiron ya fito yana neman sandar da zai hau, irin da ke ƙasa kuwa ya riga ya ba da ƙarfinsa ga tsiron, ba ya komawa rumbu. Duk wanda ya bi kunya-kunya ya fizge wannan tsiro ya cinye wa mai gonar bara da bana a dare ɗaya. Kuma a ƙasar da ake jayayya a kan gona, aikin yana ɗauke da saƙo wanda kowane manomi ke karantawa ba tare da tafinta ba: wannan ƙasa ba taka ba ce, kada ka sake sa garma a cikinta.

Wa ya fara? A bakin Hausawan Zango, bayan rikicin Fabrairu dagatan Katafawa sun rubuta takarda suna cewa za su karɓe gonakin da aka ƙwace wa kakanninsu, kuma ba a jima ba samarin Katafawa suka bi gonakin Hausawa suka tuge abin da aka shuka. A bakin Katafawa, Hausawa ne suka shiga gonakinsu suka tumɓuke doya, kuma wannan tsokana ce ta sa tura ta kai bango. Masanin siyasa Rotimi Suberu, wanda ya yi nazarin rikicin a tsakiyar shekarun 1990, ya jero abin kamar haka: takardar dagatai, sai tumɓuke shukar Hausawa, sai ramuwa a gonakin Katafawa. Ni ma wannan jeri ya fi kwanta mini, saboda dalili mai sauƙi. Wanda ke noma gonar da ake jayayya a kanta, ba shi da riba a tada maganar. Wanda ke ganin an ƙwace masa ne ke da dalilin hana shuka ta tsaya, kuma takardar dagatan ta riga ta faɗi niyyar. Sai dai wannan hasashe ne na mai auna labarai, ba hukuncin alƙali ba, kuma bai wanke waɗanda suka yi ramuwa a gonar wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dukkan labaran biyu suna cewa "Katafawa" ko "Hausawa". Babu mai cewa wane ɗan wane. Laifin da mutum biyar ko goma suka aikata da dare ya zama na ƙabila sukutum, domin wanda aikinsa ne ya rage shi zuwa sunaye bai yi ba.

Kuma ba a ce ƙasar ba ta san yadda ake wannan ba. Ɓarnar gona ita ce ƙara mafi tsufa a karkarar arewa. Kowane mai unguwa ya san tsarinta: a je gonar da safe kafin sawu ya ɓace, a ƙirga kunyoyin da aka lalata, a kira masu iyaka, a yi kiyasi, a biya. Idan ta fi ƙarfinsa ta wuce gaban dagaci, ta wuce gaban hakimi, ta kai kotun yanki, kuma kundin hukunta laifuka na arewa ya tanadi horo a kan ɓarna da shiga gonar wani. Matsalar Zango a 1992 ita ce kowane mataki na wannan tsani ya riga ya zama ɓangare a rigimar. Dagatai su ne masu takarda. Hakimi ɗan Atyap ne da ke amsa umarnin Zariya, 'yan uwansa na ganin ya yi sanyi, Hausawa na ganin na Katafawa ne. Shugaban ƙaramar hukuma shi ya tada kasuwa. Saura 'yan sanda da gwamnatin jiha, waɗanda ba su da gona a wurin, kuma su ne suka yi shiru. Ba kuma don ba su sani ba. Ranar 9 ga Mayu 'yan agajin ƙungiyar Izala na Zango suka rubuta wa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki wasiƙa suna kukan cewa ba a hukunta kowa ba a kan kisan Fabrairu, suna gargaɗin cewa jihadi na iya tashi daga nan. Katafawa sun karanta ta a matsayin shelar yaƙi, marubutanta na cewa kururuwar neman ɗauki ce. Ko wace ce daga ciki, wasiƙa ce da ta isa ta sa a cika garin da jami'an tsaro. Kwana shida bayanta aka far wa Zango.

Daga ranar Juma'a 15 ga Mayu zuwa washegari aka kewaye garin, aka ƙone shi kusan ƙurmus. Da gawarwaki da waɗanda suka tsira suka fara isa Kaduna, sai birnin ya kama ranar Lahadi, daga nan Zariya da Ikara, inda aka huce a kan Kiristocin da yawancinsu ba su taɓa taka Zango ba, har da malaman coci. Hukuma ta ce mutum 471 suka mutu gaba ɗaya: 250 a Kaduna, 188 a Zango, 33 a Zariya da sauran wurare. Hausawan Zango sun ce nasu kaɗai 1,528 ne. Tazarar da ke tsakanin 188 da 1,528 ita kanta shaida ce a kan irin binciken da aka yi. Garin da kowa ya san kowa, da limamai da masu unguwanni da rajistar haraji da ta makaranta, ana iya ƙirga mamatansa gida-gida cikin mako biyu. Adadin hukuma ya yi kama da na gawarwakin da suka bi ta hannunta, kuma duk wanda ya san yadda ake binne mutane a irin wannan rana ya san ya gaza gaskiya. Na al'umma kuma babu wata hukuma mai zaman kanta da ta tantance shi. Aka bar kowa da nasa.

Za a ce mini na ɗora babban kaya a kan ƙaramin abu. Doya dalili ce kawai ta zahiri, in ji mai wannan ra'ayi. Asalin cutar ita ce ƙasa da sarauta da shekaru 90 na mulkin Zazzau, kuma da ba a tuge shuka ba da wani abin ya kunna wutar. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai hankalin da zai ce kama mutum goma zai warware rigimar hurumi. Amma tsohuwar ƙiyayya tana nan a 1970, tana nan a 1985, ba a kuma ƙone garin ba. Ƙiyayya ba ta zama kisan kiyashi sai ranar da talaka ya tabbata cewa babu wanda zai bi masa haƙƙinsa, kuma babu wanda zai tambaye shi idan ya ɗauki na wani. Watanni ukun da ke tsakanin Fabrairu da Mayu sun koya wa ɓangarorin biyu wannan darasi daki-daki. An kashe 95, shiru. An tuge shuka, shiru. An rama, shiru. Masu son fakewa da "tushen matsala" sukan manta cewa tushen ba ya hannun ɗan sanda, amma ɓarawon gona yana hannunsa.

Bayan gari ya ƙone sai gwamnatin tarayya ta farka da ƙarfinta. Janar Ibrahim Babangida ya je Zango da kansa kafin watan ya ƙare, ya ga kufai, ya yi alkawarin sake gina garin da hukunta masu hannu. Aka ɗauko Dokar Soja mai lamba 2 ta 1987, wadda aka ƙera bayan rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka kafa kotunan musamman guda biyu, ɗaya a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, ɗaya a ƙarƙashin Mai Shari'a Emmanuel Adegbite. Hukumar da ta kasa nemo wanda ya shiga gona sai ga ta ta tsallake kowa ta cafko mafi girman ɗan Atyap da ke raye. Zamani Lekwot ba ƙaramin mutum ba ne: haifaffen Jankasa, gwamnan soja na jihar Ribas daga 1975 zuwa 1978, kwamandan makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, jakadan Najeriya a Senegal, Manjo Janar mai ritaya. Tare da shi aka kwashi dagatai da tsofaffin ma'aikata da 'yan bokon ƙabilar, har ya zama kusan duk wanda aka gurfanar a kan abin da ya faru a cikin Zango Bakatafe ne mai suna. Tunanin a fili yake: tunda ƙabila ce ta yi laifi, a kama kanta.

Yadda shari'ar ta gudana ya fi hukuncinta muhimmanci. An fara tuhumar Lekwot da wasu da taron da ya saɓa doka. Da shari'ar ta fara tangal-tangal sai masu gabatar da ƙara suka janye ta, aka sake kama su nan take, aka dawo da sababbin tuhume-tuhume har da kisan kai. Lauyoyinsu, a ƙarƙashin Cif G.O.K. Ajayi, suka nufi manyan kotuna suna ƙalubalantar yadda ake tafiyar da zaman, sai gwamnati ta fito da Doka mai lamba 55 ta 1992 wadda ta toshe wannan ƙofa gaba ɗaya. Lauyoyin suka tattara takardunsu suka fice. Ɗaya daga cikin alƙalan kotun Okadigbo mai sauraron shari'ar, babban lauya Godwin Graham-Douglas, ya ajiye aiki yana ƙorafin cewa abokan zamansa na yanke shawara a bayan idonsa. A haka, ranar 2 ga Fabrairun 1993, aka yanke wa Lekwot da mutum biyar hukuncin rataya, ba lauyan da suka zaɓa, ba damar ɗaukaka ƙara. Ƙasar ta ɗauki zafi, gwamnati ta sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara biyar, a 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta sake su. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta yanke cewa shari'ar ta tauye haƙƙin waɗanda aka tuhuma. A shekarar nan dai aka yi amfani da dokar ta 1987 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas a Fatakwal, abin da ya ƙara zubar da ƙimar duk wani hukunci da ya taɓa fitowa daga irin wannan kotu.

Har yau akwai masu cewa kotun Okadigbo ta yi daidai, shaidu sun tsaya sun faɗi abin da suka gani, matsin lambar ƙungiyar Kiristoci da jaridun Legas da ƙasashen waje ne kawai ya kuɓutar da masu laifi. Ina fahimtar zafin da ke bayan wannan magana, domin mutanen da suka rasa iyaye da 'ya'ya a Zango ba ƙarya suke yi ba. Amma ya kamata su lura da wanda kotun ta fi cuta. Lekwot ya yi ƙasa da shekara biyu a tsare, ya fito gwarzo a idon mutanensa. Hausawan Zango kuwa sun rasa dama ɗaya tilo da suka taɓa samu ta a tabbatar, a gaban alƙalin da kowa ya yarda da shi, wane ne ya kashe musu wane. Idan shaidun nan gaskiya suka faɗa, an zubar da gaskiyarsu a kotun da ta kori tambayar lauya, ta yadda babu wanda zai iya dogara da ita a yau. Idan kuma an kitsa wasu shaidun, to an ɓata lokaci a kan wanda ba shi ba ne, masu adduna na ainihi suka koma gona. Ko ta wace fuska, hukuncin da ba a iya kare shi ba ya rushe, ya tafi da shari'ar gaba ɗaya. Ba a sake buɗe fayil ɗin kowa ba. Katafawan da aka kashe a Fabrairu da Mayu, da Kiristocin Kaduna da Zariya, su ma mafi yawansu haka jininsu ya tafi.

Wasu kuma za su ce a tarzoma ba a gane mai laifi, taron dubbai ne. Wannan uzuri na birni ne, kuma ko a birnin bai cika tsayawa ba. Ruwanda, wadda ta yi kisan da ya ninka na Zango sau ɗaruruwa shekara biyu bayansa, ta zaunar da kotunan gargajiya a ƙauyuka inda maƙwabci ya tashi ya nuna maƙwabci, aka saurari ƙararraki fiye da miliyan ɗaya. Tsarin yana da aibobinsa masu yawa, amma ya nuna cewa a karkara sanin mai laifi ba ya wuya, faɗinsa ne ke wuya, kuma mutane ba sa faɗi sai sun ga wurin da faɗin zai yi amfani ba tare da an kashe su ba. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tono tsohon ciwo ba ya haifar da alheri, su ne suka fi samun biyan bukata, domin shawararsu aka bi. Sakamakonta kuma yana nan a rubuce.

A 1995 kwamitin sulhu na Air Vice Marshal Usman Mu'azu ya miƙa rahotonsa, gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta cire ƙasar Atyap daga Zazzau ta ba ta masarautarta, Bala Ade Dauke ya zama Agwatyap na farko. Wannan ya kashe rigimar rawani, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Maganar gonaki kuwa aka bar ta a inda take. Ɓangarorin biyu sun kai kukansu gaban kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam na Oputa, wanda gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci ɗaruruwan rayuka a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. A watan Yunin 2020 aka sake samun saɓani a kan gonakin nan na kewayen Zango, aka tsinci gawar wani magidanci Bakatafe da ya tafi gona bai dawo ba, matasa suka tare hanya, ranar 11 ga wata gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Kauru. A lokacin ne gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa kwamitin da zai rubuta farar takarda a kan rahoton Cudjoe na 1992 da na Mu'azu na 1995, wato shekara 28 rahoton farko na jiran gwamnati ta faɗi matsayinta a kansa. A watan Agusta Agwatyap Dominic Gambo Yahaya ya tara Atyap da Hausawa da Fulani a Unguwar Wakili suka yafi juna, suka sa hannu a takardar zaman lafiya. Kisan magidancin da ya tada wannan zagaye bai kai ga hukuncin da aka sanar wa jama'a ba, kuma a watan Maris na 2023 'yan bindiga suka shiga ita Unguwar Wakilin da dare suka kashe mutane fiye da goma.